Masarar da Muka Binne a Zoza

Ranar da nake ɗora jinka a kan rufewar gidan liman, wasu samari uku suna zaune a inuwar darbejiya suna kallona. Na ji ɗayansu ya ce, "Wai wannan ma sana'a ce? Ai laka ce kawai ake dunƙulawa." Na ci gaba da ɗaure igiyar da take hannuna. Amma maganar ta zauna mini, shi ya sa nake so ku samarin yanzu ku ji abin da yake cikin lakar nan.

Sunana Garba, ana ce mini Garba Magini. Mutumin Gwangwan ne ni, a ƙasar Rogo. Rufewa nake ginawa, wato rumbun laka mai kama da ƙaton tulu, wanda ake ɗora wa hular ciyawa. Na haura shekara arba'in ina wannan aiki, daga ƙauyukanmu har ƙasar Karaye.

A wajen Kawu Iro na koya, ƙanin mahaifiyata. Shekarata ta farko ban taɓa bangon rufewa ba. Aikina kwaɓa. A haƙo jar ƙasa da dagi, a haɗa da ƙasar suri, a zuba ruwa, a watsa ramno, ciyawar nan mai laushi da take riƙe laka kada ta tsage. Sai in shiga da ƙafa in yi ta tattakawa har cinyoyina su yi rawa. A rufe ta, ta kwana huɗu ko biyar tana ruɓewa, kullum a sake takawa. Kawu yakan zo ya ɗebi kaɗan, ya murza a tafin hannu, ya kai hanci. In ya jefar bai ce komai ba, to da sauranta ke nan.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Dagi, fartanya, kwando, tsani, da wata tsohuwar ƙwarya ta yayyafa ruwa. Sauran duk hannu ne. Ana fara jera duwatsu a ƙasa, a ɗora itacen ƙirya a kansu domin gara ba ta cinsa, sannan a shimfiɗa gindin. Dole gindin nan ya tashi daga ƙasa yadda kaza za ta shige ƙarƙashi ba ta sunkuya ba, iska kuma ta riƙa wucewa. Bangon kuwa zagaye ɗaya ake ɗorawa a yini. Ɗaya tak. Ka ɗora, ka shafe ciki da waje, ka tafi gida. Gobe in ya sha iska ya ƙarfafa, ka ɗora na gaba. Kaurinsa bai wuce yatsa uku ba, amma mutum biyu za su hau bakinsa su zauna bai motsa ba. Har yau in na gama ɗaya na ja da baya na kalle ta, nakan yi mamakin yadda ƙasar da muke takawa take tsayuwa haka, ta riƙe abincin gida guda shekara biyu, ciki da sanyi ko da ana zafin bazara.

Akwai wani aiki da muka yi a Unguwar Hajji, cikin Karaye, a gidan wani dattijo mai noman dawa. Mun gama rufewa, mun shafe ta da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ta bushe tana ƙyalli. Maigidan ya sa an jero dammunan dawa za a fara zubawa. Kawu ya zare zangarniya ɗaya daga tsakiyar dami, ya tsinki ƙwaya, ya sa a haƙori. Ya tofar.

Ya ce, "Maigida, wannan dawar da sauranta. A mayar da ita rana kwana shida."

Dattijon ya ce, "Malam Iro, gini na ba ka. Dawa kuma tawa ce."

Kawu ya ce, "Haka ne, Allah ya ba ka nasara. Amma jinkar tawa ce, ba zan ɗora ta a kan danshi ba."

Muka kama hanya muka bar jinkar a ƙasa. A hanya na tambaye shi abin da ya dame shi da dawar wani. Ya ce busasshiyar ƙwaya ƙas take yi a haƙori, ɗanya kuwa lotsawa take. Wadda ta lotsa, in ta shiga duhu, funfuna take yi. Sannan ya ce, "Na lura gidajen da suke yawan cin hatsi mai funfuna, mazajensu ba sa daɗewa. Ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, shi ke nan. Ban san dalili ba. Ni dai na gani." Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce. Bayan kwana shida dattijon ya aiko, muka koma muka ɗora jinka.

Masu ba ni aiki iri-iri ne. Akwai manyan manoma masu son rufewa mai cin dami ɗari. Akwai Fulanin da suka zauna suna noma da kiwo, su ƙanana suke so, biyu ko uku, kada su zuba komai wuri ɗaya. Akwai mata masu son tasu 'yar ƙarama a bayan ɗaki, ta gyaɗa da wake, wadda maigida ba ya leƙawa. Cikinsu duka wanda muka fi shaƙuwa shi ne Malam Hadi na Zoza. Sa'ana ne, manomin masara, mutum mai dariya da yawan ba da labari. In ina aiki a gidansa, matarsa Rabi ba ta bari in koma gida ban ci tuwo ba.

Shekarar da ta kayar da ni, Kawu bai daɗe da rasuwa ba. Damina ta yi kyau, masara ta yi albarka yadda ba a saba gani ba, sai kuma ruwa ya ƙi ɗaukewa. Ana girbi ana ruwa. A shanya da safe, a kwashe da azahar. Kowa yana neman wurin ajiya, kowa yana ƙofar gidana. Na karɓi aiki biyar a lokaci ɗaya, ciki har da na Malam Hadi. Don in cim ma kowa, na riƙa ɗora zagaye biyu a yini, wani lokaci uku, in lulluɓe da leda in wuce gida na gaba. Masarar ma ban sa ta a haƙori ba. Babu wanda yake da haƙurin jira, ni ma ba ni da shi.

Kwana goma sha biyu da cika rufewar Malam Hadi, cikinta ya tsage daga gindi, ta zube gefe guda. Da na iso na tarar da masara a warwatse cikin taɓo, shi da iyalinsa suna tsincewa a kwanduna. Bai zage ni ba. Ya ɗago ya ce, "Garba, haka Allah ya so. Zo ka kama mana." Biyu daga cikin sauran huɗun ma suka tsage kafin kaka ta ƙare.

A ranin nan Malam Hadi ya gina sito na bulo da siminti, da rufin kwano. Wasu suka bi sahunsa. Aiki ya yanke mini, har na shekara uku ina zuwa Kano cirani ina leburanci a wajen masu ginin bene. Daga baya aka fara nemana kaɗan-kaɗan, don waɗanda na gina tare da Kawu suna nan tsaye suna yi mini shaida. Tun daga lokacin ban sake ɗora zagaye biyu a yini ba.

Kada ku ɗauka ina zagin siminti ne. Sito mai kyau yana ajiye hatsi lafiya lau. Amma na Malam Hadi ba shi da taga. Buhunan a kan daɓe suke kai tsaye, ba katako a ƙarƙashinsu, kuma a jingine da bango. Kwano in ya sha rana ya huce, gumi yake yi yana ɗiga. Duk shekara buhunan sama suna fitowa fes, na ƙasa kuwa su dunƙule, su yi wani kore-kore da baƙi-baƙi, da wari irin na rigar da aka ninke da danshi. Shi kuma ya yi abin da kusan kowane manomi yake yi. Na sama su tafi kasuwa, don su ne za su yi daraja. Na ƙasa su shiga gida. Rabi ta wanke, ta shanya, a surfa, a niƙa, a tuƙa. Gyaɗa ma haka, mai kyau a sayar, wadda ta yamushe ko take ɗaci a yi ƙuliƙuli da ita. Na taɓa ce masa, "Malam Hadi, masarar nan tana wari." Ya yi dariya ya ce, "Ai ta sha wanki, kuma wuta ba ta barin komai." Na yarda da shi, na sa hannu a kwano muka ci tare. Ba sau ɗaya ba.

An yi shekara tara ko goma a haka. Sai ya fara ramewa. Mutumin da yake cinye malmala uku ya koma ɗaya ba ya gamawa. Ya ce gefen cikinsa na dama yana masa nauyi kamar an sa dutse. Idonsa ya yi rawaya. Aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Da cikin ya fara kumbura aka kai shi asibiti a Karaye, su kuma suka ce a wuce Kano. Babban ɗansa Sani bai san gari ba, ni kuwa na yi cirani a can, don haka na bi su.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, muka yi kwana uku muna zarya. Likitar da ta kira mu mace ce, ba ta kai 'yata ta fari a shekaru ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta tambayi hanya da mutanen gida. Sannan ta dubi Malam Hadi ta ce, "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Za mu ba ka abin da zai rage maka raɗaɗi, ka samu ka ci abinci ka yi barci. Sauran yana hannun Allah."

Malam Hadi ya yi salati, ya ce, "Na gode da kika faɗa mini gaskiya."

Na zaci an gama. Sai ta jawo takarda ta ce, "Baba, me kuka fi ci a gida?"

Ya ce, "Tuwon masara. Safe da dare."

"Ta gonarka?"

"Ta gonata."

"A ina kake ajiye ta? Kuma wace kuke ci, wace kuke sayarwa?"

Malam Hadi ya waiwayo ya dube ni. Ni ma na dube shi. Sani ne ya ba ta labarin buhunan ƙasa.

Ta ajiye biro. Ta ce a jinin Malam Hadi sun ga wata ƙwayar cutar hanta da ya daɗe yana ɗauke da ita bai sani ba, wataƙila tun yana yaro, kuma mutane da yawa suna da ita suna yawo lafiya. Ta ce cutar ita kaɗai tana iya kai mutum ga wannan ciwo. Amma akwai wata funfuna da take kama masara da gyaɗa in sun sha danshi, tana fitar da guba. Gubar ba a ganinta. Wanki ba ya fitar da ita, tafasa ba ta kashe ta, suya ma haka. Duk abin da mutum ya ci, hanta ce take tacewa, don haka a can gubar take sauka, yau kaɗan gobe kaɗan, shekara da shekaru. In ta tarar da hanta mai ɗauke da waccan cuta, sai su haɗu su yi ɓarnar da ta fi ta kowace ita kaɗai.

Ta ce, "Ba zan rantse muku cewa masarar ce ta jawo ba. Babu likitan da zai iya rantsewa a kan mutum ɗaya. Akwai wanda zai ci bai kamu ba, akwai wanda bai ci ba ya kamu. Amma da gidanmu ne, ba zan bari a sake tuƙa ta ba."

Ban san lokacin da na ce, "Likita, ashe Kawu ya gani" ba. Ta tambaye ni wane ne Kawu. Na gaya mata sana'ata, da maganar da ya yi mini a hanyar Unguwar Hajji. Sai ta juyo da kujerarta gaba ɗaya ta fuskance ni. Ta ce in faɗa mata yadda ake ɗaga gindin rufewa, da dalilin da ya sa cikinta ba ya gumi, da yadda ake gane hatsi ya bushe ba tare da na'ura ba. Ina faɗa tana rubutawa. Ga marasa lafiya a layi a waje, ga ni da faso a ƙafa, likita tana rubuta maganata. Da na zo kan sa ƙwaya a haƙori ta ce, "Baba, kawunka bai shiga aji ba, amma abin da muke roƙon mutane su yi ke nan. Wanda ya hana hatsi yin funfuna ya rage mana layin nan tun kafin ya taru."

Na yi shekaru ina ɗauka cewa ɓera da gara da ruwan sama nake yaƙa. Ban taɓa kawowa aikina yana da alaƙa da wata tsoka da take cikin haƙarƙarin mutum ba. Abin da ido ba ya gani, wuta ba ta ƙona shi, ya bi ta malmalar tuwo ya zauna a ciki shekara goma yana jira. Na daɗe ina juya girman ikon Allah a cikin wannan. Kuma na san wanda ya gina rufewar da ta faɗi har aka koma sito.

Kafin mu fita ta yi wa Sani bayani. A kawo Rabi da yaran duka a gwada jininsu, wanda ba shi da cutar a yi masa allurar rigakafi, wanda yake da ita a riƙa duba shi. A daina cin masara kaɗai, a riƙa sauyawa da gero da dawa da wake, kuma kada a surfe hatsi har ya yi fari tas. A yawaita ganye, zogale da rama da kuka da alayyafo, da 'ya'yan itacen da suke kusa, ko gwaba ce ko mangwaro. A rage gishiri, da naman da ya ƙone ya yi baƙi a wuta, da man da aka yi ta maimaita suya da shi. A tsince gyaɗa kafin a soya, duk wadda ta yamushe ko ta canza launi a zubar. Ta ce, "Wannan ba magani ba ne ga wanda ya riga ya kamu, kada wani ya ruɗe ku. Rage haɗari ne ga waɗanda suke da lafiya." Ta ƙara da cewa kada a ba shanun tatsa dusar hatsi mai funfuna, domin gubar tana bi ta cikin nono.

A mota, da muka wuce rabin hanya, Malam Hadi ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Garba, ina sayar wa baƙi mai kyau, ina ba 'ya'yana wannan."

Na ce, "Ba ka sani ba. Ni ne na san rabi, kuma na yi shiru."

Ya ce, "To yanzu mun sani gaba ɗaya."

Ya yi wata biyu da 'yan kwanaki a gida, Allah ya karɓi abinsa kafin a fara girbi. An gwada iyalin. Biyu daga cikin yaran suna da cutar, ana duba su har yanzu, sauran an yi musu allura.

Bayan Rabi ta fita takaba ta aiko a kira ni. Na tarar an buɗe sito an fito da abin da ya rage. Buhu shida ne na ƙasa, an jera su a tsakar gida. Tun dawowarmu daga Kano ba a taɓa su ba. Sani yana tsaye, ga kuma Buba, Bafulatani maƙwabcinsu, wanda matarsa take kawo musu nono.

Muka gaisa, na sake yi wa Rabi ta'aziyya. Ta ce, "Malam Garba, kai ka ji bakin likita. Yaya za a yi da waɗannan?"

Sani ya ce, "Inna, akwai masu saye a kasuwa. Ba sa tambaya. Su niƙa su haɗa da mai kyau."

Ta ce, "Su kai gidan wa?"

Sani ya sunkuyar da kai.

Buba ya ce, "To a ba ni in ba shanu, kada abinci ya tafi a banza. Saniya ba ta san wari ba."

Na gaya masa abin da likita ta ce game da nono. Ya dubi buhunan. Ya ce, "Har cikin nono? Wanda jikokina suke sha?" Na ce haka ta faɗa. Ya ja da baya taku biyu kamar an ce masa akwai maciji a ciki, ya ce, "Allah mai iko."

Ku da kuka tashi a nan kun san yadda muke da hatsi. In ƙwaya ta faɗi a ƙasa, tsohuwa sai ta sunkuya ta ɗauka. Shekarar kuma ba ta yalwa ba ce, kuma gidan ya rasa mai noma. Rabi ta tsaya a kan buhunan ta daɗe. Sannan ta ce, "A haƙa rami. Mai zurfi, yadda kaji ba za su tono ba."

Ni da Sani da Buba muka haƙa a bayan gida, can nesa da rijiya. Muka farke buhunan ɗaya bayan ɗaya muka juye. Ƙura mai kore ta tashi, muka rufe hanci da bakin riga. Maƙwabta suka fito suka tsaya a bakin danga. Wata tsohuwa ta riƙa girgiza kai tana istigfari. Ban taɓa ganin an binne abinci ba, su ma ba su taɓa gani ba. Muka mayar da ƙasa, muka tattake, Buba ya mirgino dutse ya ɗora a kai.

Muna wanke hannu Rabi ta fito da kwano ta ajiye a kan tabarma. Tuwon dawa ne da miyar zogale da gyaɗa. Buba ya dubi miyar, ya dube ni, hannunsa bai motsa ba. Ta lura.

Ta ce, "Ku ci, Malam. Gyaɗar nan jiya na zauna na tsince ta da hannuna, ƙwaya ƙwaya."

Muka yi bisimilla.